Kicin ɗin Anti: Na cire suga a kukis, yara sun ƙi ci

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, barka da aiki, ya sanyin garin. Dan Allah ki taimaka min da shawara. Ni dai na saba yi wa yarana kukis duk ƙarshen mako ina sa musu a kwandon makaranta maimakon biskit ɗin kanti, to kwanaki ɗaya daga cikin ƴan biyuna ya kwana yana kukan haƙori muka je asibiti likita ya ce zaƙi ya yi yawa a rage, ga kuma surukata muna zaune tare tana da ciwon suga, in ta ga jikokinta na ci sai ranta ya biya. Shi ne na ce bari in cire sugan gaba ɗaya kowa ya huta. Na yi kwaɓina yadda na saba, filawa kofi biyu da bota da ƙwai, amma maimakon kofi ɗaya na suga sai na yayyanka sitiroberi da abarba na zuba. Wallahi Anti abin da ya fito ba kyan gani, fari fat kamar bai shiga wuta ba, bai baje ba ya tsaya curi curi, cikin kuma ya caɓe kamar burodin da aka tsoma a shayi. Yaran suka gutsura sau ɗaya suka ajiye, kwana uku ya yi fumfuna na zubar. Ina kuskuren yake?
Maman ƴan biyu, Unguwar Rogo

AMSA: Wa alaikumus salam Maman ƴan biyu, sanyi alhamdulillah, Allah ya ba yaro lafiya ya ƙara wa Hajiya sauƙi. Na ji daɗin wasiƙarki sosai don kin faɗi komai dalla dalla, kuma damuwarki tana kan hanya. Kofi ɗaya na suga wajen giram 200 ne, ƙaramin cokalin shayi kuma giram 4 yake ɗauka, kenan cokali 50 kike juyewa a kwano ɗaya. In kwaɓin ya ba ki kukis 24, kowane ɗaya yana ɗauke da cokali biyu na suga. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2015 ta ba da shawarar kada sugan da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa na yini, in da hali ma a sauko ƙasa da kashi 5, wato wajen ƙananan cokula 6 ga babban mutum. Kin ga kukis uku kacal sun cinye wannan kason, ba a yi maganar shayin safe da zoɓo da lemon kwalba ba.

To amma ga inda aka samu matsala. Mu mun ɗauka zaƙi kawai suga ke bayarwa, alhali aikinsa a cikin kwaɓi ya fi haka nesa. Lokacin da kike buga shi da bota har ya yi fari, ƙwayoyinsa ne ke tura iska cikin botar. In ya shiga wuta ya narke shi ke sa kukis ya baje, shi ke ba shi wannan launin ja-ja mai ƙamshi, in ya huce shi ke sa a ji ƙaras ƙaras a baki, sannan yana riƙe ruwa ya hana fumfuna samun wurin zama da wuri. Ke kuma kika sallame shi rana ɗaya kika kawo sitiroberi wanda kashi 9 cikin 10 na jikinsa ruwa ne, da abarba wadda ita ma ruwan nata ya haura kashi 80 cikin 100. Da suka ji zafi sai suka saki ruwansu cikin filawar, shi ya sa cikin ya caɓe, shi ya sa kuma bai kai kwana huɗu ba.

In kina son kukis ɗinki na da wanda yaran suka sani, kada ki cire sugan duka, ki rage kashi ɗaya cikin uku ki bar sauran kayan yadda suke, yawancin kwaɓi suna jure wannan ba tare da sun canza kama ba. Bayan sati biyu ko uku ki sauko rabin kofi. Kada ki yi musu sanarwa. Harshe yana sabawa, ni a gidana haka na yi da autana, da sai an sa masa cokali uku a shayi, na riƙa zaftarewa kaɗan kaɗan har muka tsaya a ɗaya, rannan muka je gidan suna aka miƙo masa lemo ya kurɓa ya ce Mama wannan zaƙinsa na hawa kai. Raina ya yi fari ranar. Kuma duk lokacin da kika rage suga ki danna kowane curi da bayan cokali mai yatsu kafin ki sa a wuta, don ba zai baje da kansa kamar da ba.

Amma wanda ni na fi so ki gwada wani kwaɓi ne daban da tun asali ba a gina shi a kan suga ba. Ki nemi ayaba manya guda biyu waɗanda suka nuna luguf har bawonsu ya yi ɗigo ɗigon baƙi, irin waɗanda masu kayan marmari a kasuwar Taminus ta nan Jos ke neman rabuwa da su da yamma, su ne suka fi zaƙi don sitacin cikinsu ya riga ya juye. Ki murƙushe su da cokali mai yatsu, ki fasa ƙwai ɗaya, ki zuba narkakkiyar bota manyan cokula huɗu ki juya. A wani kwanon ki haɗa ots kofi ɗaya da rabi, filawa ko garin alkama rabin kofi, bekin hoda rabin ƙaramin cokali, garin kirfa ƙaramin cokali ɗaya, da gishiri ɗan abin da yatsu uku za su ɗauka. Kada ki raina gishirin nan, shi ke fito da ɗan zaƙin da ke ciki har a ji kamar ya fi haka. Sai dabino guda takwas, ki tsaga kowanne ki duba cikinsa da kyau don wani lokacin akwai tsutsa, ki wanke, in busasshe ne irin na Nijar ki jiƙa a ruwan zafi minti 15 sannan ki yanka ƙanana ƙanana kamar ƙwayar wake. Ki haɗe komai ki bar shi ya huta minti 10 ots ɗin ya sha ruwan ayabar. Ki riƙa ɗiba da cokali kina ajiyewa a tiren da kika shafa wa bota, ki danna su yi faɗi, ki gasa a obin mai zafin digiri 180 na minti 12 zuwa 15, har gefensu ya yi ja. Zai ba ki wajen guda 24, kuma in kika lissafa zaƙin ayabar da na dabinon duka kowane ɗaya bai kai cokali ɗaya ba.

Wani abu da nake yi wanda ke sa mutane su tambaye ni me na sa: ina soya ots ɗin a busasshen kasko ba mai na minti biyar kafin in kwaɓa, har ƙamshinsa ya tashi kamar na soyayyiyar gyaɗa. In akwai gurzajjiyar kwakwa ko riɗi su ma haka. Abin da baki ya rasa na zaƙi sai hanci ya samu a ƙamshi.

Ki sani fa wannan ba zai yi ƙaras kamar biskit ɗin kanti ba, mai taushi ne, tsakanin kukis da kek. Gara ki gaya wa yaran sabon abu ne kika ƙirƙiro musu, ki ba su su danna da hannunsu, yaro ba ya ƙin abin da ya sa hannu a ciki.

Sitiroberin kuma kada ki haƙura da shi, mu da Allah ya ba mu shi a ƙofar gida, daga wajen Vom ake kawowa lokacin sanyi har Abuja da Legas ake kai shi. Ki sayi waɗanda suka fara laushi, sun fi araha kuma su ne daidai wannan aikin. Ki yanka ki zuba a ƙaramar tukunya ba ruwa ba suga, wuta kaɗan, kina juyawa har ruwan ya ƙone ya koma kamar jam, in ya yi tsami ki sa dakakken dabino biyu. In kin jera kukis ɗinki a tire sai ki lotsa tsakiyar kowanne da babban yatsa ki ɗiga rabin cokali a ciki. Ja a tsakiya, yara na gani za su miƙo hannu. Abarba da mangwaro da tuffa kuma busar da su ake yi, ki yanka siri siri ki shanya a hunturu ki rufe da yadi mai shara shara saboda ƙura da ƙuda, ko ki sa a obin da wuta can ƙasa. Amma ki tuna duk abin da aka busar zaƙinsa ya taru wuri ɗaya, ɗan kaɗan ake sawa, kuma yana maƙalewa a haƙori, don haka shi mai ciwon haƙorin nan a tabbatar ya goge baki kafin ya kwanta.

Saura maganar garinmu. Jos tana kan tudu wajen mita 1,200 daga saman teku, a nan ruwa ma yana tafasa ne tun bai kai digiri 100 ba, kwaɓi yana saurin kumbura kuma yana saurin bushewa. In kin ɗauko wani haɗi a intanet kika ga naki yana tashi ya faɗa, ki ɗan rage bekin hodar, kuma ki fara leƙawa minti biyu kafin lokacin da suka rubuta. Ajiya kuma, ki bari ya huce sarai kafin ki rufe a roba, kwana biyu a waje, kusan sati a firij in ana samun wuta, in ba a samu ki yi kaɗan kaɗan daidai ci. Maganar Hajiya kuma ki karanta amsar da ke biye, ta shafe ta.

TAMBAYA: Salam Anti. Ni magidanci ne, shekarata 52, wata uku da suka wuce aka auna ni aka ce sugana ya hau an ɗora ni a kan magani. Uwargida Allah ya saka mata ta daina sa suga a komai, yanzu da zuma da dabino take min kukis da kunu, ina cin kamar shida ko bakwai da shayin dare tunda ba suga a ciki. Amma awon safe ya ƙi sauka. Ko maganin ne bai karɓe ni ba?
Wani magidanci, Bukuru

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ba da lafiya, kuma a gaishe min da uwargida da ƙoƙari. Maganar magani ta likitanka ce, ka koma wurinsa kada ka canza komai da kanka. Amma maganar kukis ɗin nan dole in faɗa maka gaskiya don abin yana damuna ƙwarai, kusan kowane wata sai na samu irin wannan wasiƙar: an gudu ne ba a tsira ba. Zuma kusan kashi 80 cikin 100 nata suga ne, kuma ita Hukumar Lafiya ta Duniya a lissafinta zuma da ruwan ƴaƴan itace da aka matse duk layi ɗaya suke da sugan kanti. Busasshen dabino kuma wajen kashi biyu cikin uku na nauyinsa suga ne. Ba ina kushe su ba ne, abinci ne masu albarka kuma dabino yana da harza da sinadaran da farin suga ba shi da su, amma jini ba ya tambayar daga ina zaƙin ya fito. In an cire kofin suga aka maye da kofin zuma ba a rage komai ba. Sannan ga filawar kanta, ko da ba a sa zaƙi ko ɗis ba, in ta shiga ciki suga take komawa. Guda bakwai da dare kafin a kwanta, ai kamar an ƙara cin wani abincin ne bayan tuwo.

Abin da nake roƙo, uwargida ta bar zumar a kukis gaba ɗaya, ta yi irin haɗin da na bayar a sama amma ta rage dabinon zuwa huɗu, ta ƙara dakakkiyar gyaɗa ko riɗi rabin kofi, ta yi da garin alkama wanda ba a cire dusarsa ba, kuma ta yi su ƙanana. Kai kuma Alhaji ɗaya ko biyu, da rana bayan abinci, ba kullum ba. In kana da abin awo a gida ka auna kafin ka ci, ka sake aunawa bayan awa biyu, ka rubuta a takarda ka kai wa likita tare da bayanin abin da ka ci har da kunun nan mai zuma. Jikin kowa da yadda yake karɓa, awon ne zai nuna maka naka. Maman ƴan biyu, Hajiya ma haka za a yi mata, a tambayi likitanta tukuna, in ya amince a sa mata nata guda ɗaya a ɗan faranti mai kyau lokacin da jikokin ke cin nasu don kada ta ji an ware ta.

Tunda zancen zuma ya taso bari in ƙara wannan don masu jego: ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya zuma, ko an gasa ta a cikin wani abu, saboda wata ƙwayar cuta da kan ɓuya a ciki wadda hanjin jariri bai iya yaƙarta ba tukuna kuma zafin gashi ba lallai ya kashe ta ba.

TAMBAYA: Barka da aiki Anti. Ni ɗaliba ce ina zaune a ɗakin haya wajen Farin Gada, ba ni da obin sai ƙaramin gas. Zan iya yin irin wannan kukis ɗin?
Ƙanwarki ɗaliba, Farin Gada

AMSA: Ƙwarai kuwa ƙanwata, iyayenmu sun daɗe suna gasa kek ɗin biki ba obin. Ki samu tukunya mai faɗi mai kauri wadda murfinta ke rufuwa ruf, ki zuba wankakken yashi da ya bushe kaurin yatsu biyu, in ba yashi gishiri ma yana yi kuma za ki iya ajiye shi ki yi ta amfani da shi. Ki rufe ki ɗora a wuta minti 10 zuwa 15 ta ɗau zafi. Ki sa wani abu a kan yashin da zai ɗaga farantin, ko gwangwanayen tumatir uku da kika wanke kika ɗaye musu takarda, sai ki ɗora farantin silba a kai. Kafin ki jera kukis ki barbaɗa ɗan garin filawa a farantin ki gani, in nan take ya yi baƙi wuta ta yi yawa, ki rage. Wutar can ƙasa ake so, kuma minti goman farko kada ki buɗe ko da ƙamshi ya cika ɗakin.

Abin da zai ba ki wahala shi ne gumi. Kwaɓin ayaba yana da ruwa, tururi zai taru a cikin murfin ya riƙa ɗigowa kan kukis ɗin, don haka in kin buɗe ki ɗaga murfin a kwance ki kai shi gefe ki goge da tsumma mai tsabta kafin ki mayar, a minti biyar na ƙarshe kuma ki ɗan bar ƙofa tururin ya fita. A tukunya yakan ɗauki minti 20 ko fiye, kuma ƙasa ke riga sama yin ja, in kin ga haka ki juya su kamar waina ki ba su minti uku. Ki yi su sirara. Kuma dan Allah ki buɗe taga, na san sanyin Farin Gada da asuba amma ba a kunna gas ko gawayi a rufaffen ɗaki.

TAMBAYA: Anti ots ya yi tsada, zan iya sa acca a madadinsa? Kuma zabibi na kullum ƙonewa yake a saman kukis ya yi ɗaci.
Amarya, Rikkos

AMSA: Za ki iya amarya, kuma ina son ƙamshin acca a gashi, ga ta tamu ce ta nan Filato. Ki wanke ta sosai ki rege don tsakuwa, ki shanya ta bushe ki kai a niƙa miki. Sai dai ita ba ta da danƙon da alkama ke da shi, in kika yi da ita zalla kukis ɗin zai riƙa marmashewa a hannu, don haka ki yi rabi garin acca rabi filawa, kofi ɗaya ɗaya, kada kuma ki cire ƙwan. In kwaɓin ya yi tauri ki sassauta da madara cokali biyu. Ita ma fa accar hatsi ce, mai ciwon suga da awo zai ci. Zabibi kuma ki jiƙa shi a ruwan ɗumi minti 10 ki tsane a rariya kafin ki zuba, in kin jera a tire duk wanda kika ga ya leƙo sama ki tura shi ciki da yatsa, kuma manyan cokula uku sun ishi kwaɓi ɗaya in dai kin riga kin sa ayaba.